Yadda ake zaɓen harsashin dalma na zubi don farautar barewa da tsohuwar bindiga

Duk wanda ya gaji tsohuwar Winchester 94 ko Marlin 336, ko ya samu Lee-Enfield ɗin zamanin yaƙi yana so ya shiga daji da harsashin dalma wanda ba a lulluɓe da jan ƙarfe ba, tambayar da yake fara yi kusan guda ce, wai wane tauri zan nema? To gaskiya ba nan ake farawa ba. Tauri na zuwa ne a mataki na uku ko na huɗu ma. Abin da ke sa harsashin zubi ya yi aiki ko ya ɓata maka bututu shi ne kaurinsa, wato ya cika bututun bindigarka ko bai cika ba, kuma tsohuwar bindiga ba ta bin abin da aka rubuta a littafi, kowace da nata awon. In ka riƙe wannan sauran duk mai sauƙi ne.

Maganar nan yawanci ta mafarautan Amurka da Kanada ce, inda doka ta yarda mutum ya zuba harsashinsa kuma ya yi lodinsa da kansa, wato ya haɗa shi da kwanso da albarushi, don haka awon da zan yi ta kawowa na inci ne da yadi da giren, yadda suke rubuce a jikin kayan. Giren 170 kusan giram 11 ne, giren 405 kuma kusan giram 26.

Fara da doka da lafiyar bindigar

Kafin ka kashe ko sisi, buɗe littafin dokar farauta na jiharka na wannan shekarar. A Kalifoniya tun ranar 1 ga Yulin 2019 an hana farautar kowace dabba da harsashin dalma, to can maganar ta ƙare tun ba a fara ba. Wasu jihohin suna sharɗanta harsashi mai buɗewa idan ya shiga jikin dabba, wasu kamar Ohayo sun yarda ne kawai da raifal mai miƙaƙƙen kwanso, wanda ya sa mai cin harsashin .45-70 ta shiga amma mai cin .30-30 ba ta shiga ba saboda kwansonta mai wuya ne. Dokokin nan suna canzawa, kar ka dogara da abin da ka ji shekara biyar da ta wuce.

Sai bindigar kanta. Kai ta wurin ƙwararren mai gyaran bindiga ya duba ta, ya auna ko kwanso na zama daidai a ɗakinsa ba tare da wasa ba, ya leƙa ko akwai tsaga, ya tabbatar cewa abin da aka buga a jikin bututun shi ne ainihin harsashin da take ci, domin tsofaffin bindigogin soja da yawa an sake musu ɗaki bayan yaƙi ba a canza rubutun ba. Mauser mai 8mm misali ce mai kyau, tsofaffin farko kaurin harsashinsu .318 na inci ne, wajen 1905 aka koma .323, kuma kana iya riƙe su biyu a hannu ba ka gane bambanci da ido ba. Ka sa ya duba bakin bututun ma, in sandar wanki ta cinye shi tsawon shekaru to ko wane harsashi ka sa ba zai tafi daidai ba sai an gyara bakin.

Wanke bututun tas, sannan ka auna shi

Bindigar da ta shekara hamsin tana cin harsashi mai rigar jan ƙarfe, cikinta akwai jan ƙarfen da ya liƙe, shi kuma yana kankare dalma yana riƙe ta. Sa maganin narkar da jan ƙarfe, ka yi ta goga har tsumman ya daina fitowa da shuɗi ko kore, wani lokacin aikin kwana biyu ne ko uku, ka yi haƙuri da shi. Kar ka firgita in ka ga cikin ya yi duhu ko yana da ƴan ƙananan ramukan tsatsa, bututu mai duhu da yawa suna harba dalma da kyau muddin tsagin cikinsu, wato murɗaɗɗun layukan da ke sa harsashi juyawa, na nan da kaifinsa.

Yanzu awon. Ka tabbatar babu komai a bindigar, ka sake tabbatarwa. Shafa wa cikin bututun mai sosai. Samu ƙwallon dalma zalla mai laushi wanda ya ɗan fi ramin girma, irin wanda farce ke iya yi wa zane, ka ɗora a bakin bututu ka buga shi a hankali da gudumar roba ko ta leda har ya shige, sai ka tura shi da sandar tagulla har ya faɗo ta ɗaya gefen a kan tsumma. Kar ka yi amfani da sandar katako, tana tsagewa ta cushe a ciki ka shiga uku, kar kuma ka sa ta baƙin ƙarfe ta ƙarce maka tsagi. Lokacin da kake turawa ka saurari hannunka, in ka ji wani wuri ya matse wani ya saki ka lura da inda yake. Bututun da ya ɗan fi matsewa wajen baki alheri ne, wanda ya saki wajen baki kuwa shi ne mai wahalarwa.

Dalmar da ta fito ta ɗauki hoton cikin bututun. Auna ta da maikuromita ba da kalifa ba, don muna maganar kashi ɗaya cikin dubu na inci ne, kalifa mai arha ba ta da wannan gaskiyar. Wurin da ya fi kauri shi ne awon kwarin tsagin, shi kake nema. In tsagin bindigarka mara ne, kamar uku na Springfield Trapdoor ko biyar na yawancin Lee-Enfield, maikuromita na yau da kullum zai ba ka ƙasa da gaskiya tunda kwari ba ya fuskantar kwari, sai mai gyaran bindiga ya auna maka da nasa na musamman.

Abin da za ka gani zai iya ba ka mamaki. .303 British a takarda .311 ce, amma waɗanda aka ƙera cikin gaggawar yaƙi ana samun .313, .314, har sama. .38-55 ana samun ta daga .375 har wajen .380 ko fiye. Trapdoor da ake cewa .458 sau da yawa tana wuce .460. Krag mai .30-40 ita ma ba kasafai take tsayawa a .308 ba. To ka ga wanda ya je ya sayi kwalin harsashi bisa abin da aka rubuta kawai, ya sayi wanda ya yi wa bindigarsa kaɗan.

Ƙa'idar ita ce harsashi ya fi awon kwarin da .001 zuwa .002. Wanda ya fi haka kyau ma shi ne ya cika maƙogwaron bindigar, wato ɗan wurin nan da ke tsakanin ƙarshen kwanso da farkon tsagi, wanda a tsohuwar bindiga wuta ta riga ta faɗaɗa shi. Ana gane girmansa da zubin Cerrosafe, wani ƙarfe ne da ke narkewa ƙasa da zafin tafasar ruwa, a toshe bututun da tsumma a zuba a ɗakin, in ya daskare a fitar, a auna bayan awa ɗaya da zubawa don a lokacin ne yake daidai da awon ɗakin. Amma akwai iyaka fa. Ɗauki kwanson da aka riga aka harba a wannan bindigar, wanda ba a matse shi ba, ka gwada tura harsashin cikin wuyansa da yatsa. In ya shiga salin alin to akwai wurin da wuyan zai buɗe ya saki harsashi. In ya ƙi shiga, bayan ka tabbatar ba lanƙwasar bakin kwanson ce ta tare shi ba, to ya yi kauri, kuma hakan na ɗaga matsin wuta zuwa inda ba a so.

Me ya sa nake ta nanata wannan? Saboda harsashi a bututu kamar murfi ne a bakin kwalba, in bai toshe ba iska za ta bi gefe. Iskar nan kuwa wuta ce, tana bin gefen harsashin tana yanko dalma tana fesa ta a jikin bututu, harbi biyar ko goma ka ga cikin ya yi fari, harsashi ya fara watsuwa ko'ina. Mutane sai su ce ai laushi ne ya yi yawa, su je su nemo mai tauri, abin ya ƙara lalacewa, domin mai laushi ko ba komai matsin wuta na iya kumbura gindinsa ya toshe ramin, mai tauri da ya yi kaɗan kuwa haka zai wuce wuta na cinsa.

Siffar hanci

Nan ba a daɗewa. Hanci mai faɗi kake so, shimfiɗaɗɗe, wanda faɗinsa ya kai kamar kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kaurin harsashin in bindigar za ta iya ɗaukarsa. Harsashin zubi ba gudu yake kisa da shi ba, faɗin hancin ne ke yanka rami ya murƙushe nama ya fita ta ɗaya gefen. Mai zagayayyen hanci da tauri yana ratsawa ne kawai ya bar ƙaramin rami da ke rufewa, dabba ta tafi da ciwo ba jini a ƙasa, wannan kuwa zalunci ne ga dabbar. In bindigarka mai liba ce da magazin na bututu a ƙasa, inda harsasai ke jere hancin wannan a kan firaimar wancan, wato ƴar hular gindin kwanso mai tayar da wuta, to faɗin hanci wajibi ne ma don lafiyarka, mai tsini na iya tayar da na gabansa in bindiga ta yi baya.

Akwai mazubai da suka daɗe suna aiki. A .30-30 akwai Lyman 311041 mai giren 173 da RCBS 30-180-FN. A .35 Remington akwai RCBS 35-200-FN. A .45-70 akwai Lyman 457193 mai giren 405, da kuma 457122 mai ramin hanci mai giren 330 wanda tun zamanin baƙin albarushi ake farautar barewa da shi. Ko ba ka zubi da kanka, ka nemi irin waɗannan siffofin a wurin masu sayarwa. Amma kowanne ka zaɓa, haɗa guda uku ba albarushi ba firaima, ka sa a magazin ka ja liba ka gani ko suna hawa lafiya, don wani faɗin hancin yana cijewa a bakin ɗaki, wani kuma yana taɓa tsagi kafin bindiga ta rufe.

Nauyi

Tunda ba za ka yi gudu ba, ɗauki mai nauyi. Giren 170 zuwa 180 a .30-30, 200 a .35 Remington, 250 ko kusa a .38-55, 200 zuwa 210 a Krag da .303, 300 zuwa 405 a .45-70. Sai dai ka lura da murɗin tsagin, .32 Winchester Special murɗinta ɗaya ne a inci 16, wato harsashi na juyawa sau ɗaya a kowane inci 16, a hankali yake, dogon harsashi ba zai tsaya daidai ba, ka tsaya wajen giren 170. In ka ga ramin da ke jikin takarda ya yi tsawo maimakon zagaye to harsashin na tafiya a karkace, ko ya yi tsawo ko ya yi siriri.

Yanzu ne maganar tauri

Ana auna shi da ma'aunin Brinell. Dalma zalla kusan 5 ce. Kashi 20 na dalma da kashi 1 na kuza kusan 10. Tsohuwar dalmar balansin taya mai maƙalawa in ta huce a iska tana kaiwa 11 zuwa 12. Haɗin Lyman lamba 2, wato dalma 90, kuza 5, antimoni 5, kusan 15. Linotaif na injin buga jarida kusan 22.

Don barewa, tsakanin 10 da 14 ya isa yawancin abin da tsohuwar bindiga za ta yi. Barewa ba ɓauna ba ce, fatarta siririya ce, ƙirjinta ba faɗi, kana so hancin ya ɗan buɗe. Abin da ya kamata ka fahimta shi ne kuza da antimoni ba aiki ɗaya suke ba. Kuza na sa dalma ta cika mazubi da kyau kuma ta lanƙwashe ba ta karye ba. Antimoni na kawo tauri da arha amma in ya yi yawa sai harsashin ya zama mai gautsi, shi ya sa linotaif yake da kyau a kan takarda amma in ya bugi ƙashin kafaɗa sai hancin ya farfashe. Haɗin da masu zubi da yawa ke so shi ne rabi dalmar taya rabi dalma zalla, a ƙara kuza kamar kashi 2 cikin ɗari. In dalmar taya za ka narka ka tsince ta ɗaya bayan ɗaya, yanzu yawancinsu tutiya ne ko baƙin ƙarfe, kuma tutiya kaɗan in ta narke a tukunyar ta ɓata zubin gaba ɗaya. Sannan haɗin da ke da antimoni yana ƙara tauri bayan zubi, ka bar shi kamar sati biyu kafin ka auna ko ka yi gwaji.

In saye za ka yi, ka sani cewa yawancin na kasuwa an yi su da tauri wajen 16 zuwa sama ne da busasshen man shafawa, don kar su lotse a hanya, ba don sun fi kyau a daji ba. Nemi mai sayarwar da zai ba ka zaɓin kauri da tauri, ka sayi kaɗan tukuna.

Masu Marlin, ku duba bututunku. A tsakiyar shekarun 1950 kamfanin ya koma tsagin Micro-Groove, ƙanana masu yawa marasa zurfi. An daɗe ana cewa ba ya cin dalma, ba gaskiya ba ne, yana ci, sai dai yana son harsashi mai kauri, .310 ko .311 a .30-30, da ɗan ƙarin tauri don tsagin ya samu abin kamawa.

Gindi, mai, da gudu

Harsashi mai gindi tsirara yana jurewa har wajen ƙafa 1,400 zuwa 1,500 a sakan. Wannan ya ishi .45-70 da .38-55, ai asalin lodin .45-70 na 1873 mai giren 405 wajen 1,300 yake tafiya kuma ba barewar da ke tsayawa gabansa. Amma .30-30 da sauran ƙananan baki suna buƙatar 1,700 zuwa 2,000 kafin su yi aiki mai kyau, to nan dole sai da gas cek, ƴar hular jan ƙarfen nan da ake matsawa a gindin harsashi ta kare shi daga wuta ta kuma taimaka masa ya kama tsagi.

Man shafawa mai laushi ya fi mai tauri, musamman da yake farautar barewa a lokacin sanyi take. In ka ga alamar mai kamar tauraro a bakin bututu bayan harbi to man ya kai har ƙarshe. Fentin hoda da ake gasawa a zafin digiri 200 na Salsiyos kamar minti 20 shi ma yana aiki sosai, yana rage liƙewar dalma, yana barin ka yi amfani da haɗi mai laushi, kuma yana ƙara wa harsashi kauri .001 zuwa .002, wanda ke ceton mai bututu mai faɗi. Tandar da ka gasa harsashi a ciki kuwa ta bar girki har abada.

Yawan albarushi ba zan faɗa ba, kuma kar ka ɗauka daga bakin kowa. Buɗe littafin lodi na kamfani kamar Lyman, sashen harsashin zubi, ka fara daga mafi ƙanƙanta. A .45-70 littattafan sun raba lodin gida uku, na Trapdoor, na Marlin 1895, da na Ruger No. 1, in ka sa na biyu ko na uku a Trapdoor kana wasa da fuskarka ne. Lodin zubi sau da yawa ba ya cika kwanso, don haka zuba sau biyu bisa kuskure abu ne mai yiwuwa, haska tocila cikin kowane kwanso kafin ka ɗora harsashi. Buɗe bakin kwanson kaɗan da abin faɗaɗa wuya irin M die na Lyman don kar ya kankare gefen harsashin ko ya matse shi ya rage masa kaurin da ka sha wahala ka samu, sannan ka lanƙwasa bakin a cikin tsagin da aka yi don haka, in ba haka ba sifirin ɗin magazin zai tura harsashin ciki.

In kai ke zubin, yi shi a inda iska ke wucewa, da tabarau da safar hannu, ba ci ba sha a wurin, ka wanke hannu bayan ka gama, yara su yi nisa. Ɗigon ruwa ɗaya in ya shiga ƙarƙashin narkakkiyar dalma tukunyar za ta yi aman wuta. Na farauta kuma ka tsince su da kyau, duk mai yamutsi ko mai gindin da bai cika da kaifi ba ya koma tukunya, sauran ka auna nauyinsu ka ware waɗanda suka yi kusa da juna.

Gwaji kafin daji

Fara a yadi 50, sannan 100. Ba gasa za ka shiga ba, huhu da zuciyar barewa faɗinsu kamar inci 8 ne, in bindigar na tara harbi biyar cikin inci 3 a yadi 100 ta wadatar. Bayan harbi 20 leƙa bututun. Dalma kusa da ɗaki yawanci alamar harsashi ya yi kaɗan ne, dalma wajen baki kuma alamar mai ya ƙare ko gudu ya yi yawa. Canza abu ɗaya a lokaci guda, in ka canza kauri da albarushi tare ba za ka san wanne ya gyara ba.

Jera jarkokin ruwa ko jiƙaƙƙun jaridu a nisan da kake sa ran harbi, ka harba ka tono harsashin. In ya buɗe kuma ya riƙe yawancin nauyinsa, madalla. In ya fito kamar ba a harba shi ba, rage tauri ko ka nemi hanci mafi faɗi. In ya farfashe, antimoni ya yi yawa ko ramin hancin ya yi zurfi ga wannan gudun.

Harbin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne na farko daga bututu mai sanyi, don shi kaɗai za ka samu a daji, kuma da harsashi mai man shafawa yakan sauka wani wuri daban da sauran. Gwada shi a ranaku daban-daban da safe. Bayan saitin ƙarshe kar ka wanke bututun tas, bar shi da ɗan man da ya saba. Ka kuma san faɗuwar harsashinka, mai nauyi a hankali yana sunkuyawa da sauri bayan yadi 100, shi ya sa a ganina yadi 100 zuwa 125 ne iyakar mutunci ga yawancin waɗannan bindigogin, musamman da saitin ƙarfe da idon da ya fara gajiya.

A jikin dabbar, nemi bayan kafaɗa, kashi ɗaya cikin uku daga ƙasan ƙirji, ya ratsa huhu biyu ya fita. Kar ka yi tsammanin ta faɗi nan take kullum, takan ruga ɗan nisa, amma rami biyu na barin jini a ƙasa. Jira kamar rabin awa kafin ka bi sawu don kar ka tashe ta.

Wajen fiɗa, yanke naman da ke kewaye da hanyar harsashin da hannu sake ka zubar, har da duk inda jini ya taru ko ƙashi ya fashe, kar ka sa shi a injin niƙa. Harsashin zubi mai tafiya a hankali bai kai mai gudu watsa ɓurɓushi ba, amma dalma dalma ce, kuma yara ƙanana da masu ciki su ne ta fi cutarwa. Kayan cikin da wannan naman da ka yanke, binne su ko ka fita da su daga dajin, domin gaggafa da ungulu na cin su kuma ɗan guntun dalma ya isa ya kashe tsuntsu.